Matar da Ta Mirgine Turmin Inna

Labarin mutuwar Sista ya iso Anka ranar Laraba da hantsi, ina tsaye a ƙofar makarantarta da buta a hannu. Fada, wato limamin cocinsu, shi ya sauko daga babur ya faɗa wa malamai, malamai suka faɗa wa yara, kafin azahar gari ya ɗauka. A can kudancin Kaduna ta cika, a gidan 'yan'uwanta masu farin lulluɓi, can kuma aka binne ta. Mu ba mu ga gawa ba, ba mu ga kabari ba. Zaman makoki kaɗai ya rage mana, sai aka shimfiɗa tabarmi, aka jera bencina a ƙarƙashin dogonyaron makaranta.

Na ga kuka a kwana ukun nan, kuma masu kukan na san su ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyata, wadda ta taɓa kwashe 'ya'yanta uku daga makarantar tana yayata wai Sista na zuba wani abu a randar ruwan yara, ita ce ta fi kowa shessheƙa, har sai da aka yi mata fifita. Ƙanen mijina, wanda in Sista ta wuce a kan babur sai ya tofar da yawu, ya sa farar shadda ya zo yana faɗa wa baƙi cewa ai uwa ce ga kowa. Wani babba daga ofishin ilimi, wanda sau biyu yana aiko takardar a rufe makarantar, ya yi jawabin da ya fi huɗuba tsawo. Mutanen cocinta da suka zo daga Gummi da Bukkuyum, malamai da ma'aikatan asibiti da masu shagon magani, su kam kukansu na gaske ne. Amma ko su ɗin, da kunnena na sha jin suna kiranta Soja in ta juya baya.

Ni ban yi kuka ba. Ban kuma yi ƙoƙarin matso shi ba.

A rana ta uku Fada ya miƙe ya ce marigayiya ta bar saƙo, wai duk wanda ta saɓa wa ya dubi Allah ya yafe mata. Wuri ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun yahe, mun yahe," kamar 'yan aji ɗaya na maimaita karatu. Uwar mijina da ke zaune kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, ba ki jiya ba? Buɗa baki ki ce kin yahe. Mutane na kallon ki."

Na bar bakina yadda yake. Da aka watse ina naɗe tabarmi, Fada ya matso ya rage murya. Ya ce, "Malama, waccan ta jama'a ce. Ke kuwa da sunanki ta kira ki. Ta ce in tambaye ki ke kaɗai, in ba ki shirya ba kada in matsa miki." Na ce masa na ji. Ya tsaya yana jiran sauran maganar, ni kuwa na ɗauki tabarmina na shiga aji.

To, tun da kowa ya faɗi tasa Sistar a ƙarƙashin dogonyaro, bari ni ma in faɗi tawa. Ba na so a manta da ita. Amma ba na so a tuna da wata mai laushin baki da ba a taɓa yi ba.

Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, da takalmin roba irin na manoma. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ta ce ta ba Allah rayuwarta, abin da matan garinmu suka kwashe shekaru suna jinjinawa suna dariya. Ƙararrawar makarantarta tsohon wilin mota ne da ta rataye a reshe, kuma ita ke buga shi da kanta, don ba ta yarda akwai wanda zai buga a kan lokaci ba. Hausarta irin ta mutanen kudu ce, a miƙe, ba lanƙwasa. Gaisuwar da mu muke ja har a tambayi gajiya da gida da yara da sanyi, ita a kalma biyu take gama ta. Kalmar da ta fi yawa a bakinta ita ce "Sake." Yaro ya yi rubutu, sake. Malami ya share allo, sake. Mai gini ya ɗora bulo a karkace, sake. In ka yi abin da ya burge ta ƙwarai, ladanka shi ne ta ce, "Ba laifi," ta wuce.

Ranar Asabar takan hau bayan ɗan kabu-kabu da wata 'yar jaka a ƙirji, ta bi hanyoyin ƙasa tana neman mutanen cocinta da aiki ya watsa cikin ƙauyuka, ta yi musu addu'a, ta duba marasa lafiyarsu. Wata damina a hanyar Nasarawa Burkullu babur ya kayar da su cikin rafi. Ta fito jiƙe sharkaf, jakar na sama a hannunta ko ɗigo bai taɓa ta ba, ta dubi mai babur ta ce masa, "Sake." Shi da kansa yake ba da labarin a tasha har yau.

A irin wannan yawon ne ta faɗo gidana. Lokacin muna ƙauyen Duza, ina da 'ya mai shekara huɗu da ɗa namiji mai shekara biyu. Shekarun da zinari ya haukata ƙauyukanmu ke nan. Maza na haƙo dutse su kawo gida a buhu, mu mata mu farfasa, mu daka, kafin a kai inji. Ba wanda ya ware wa dutse turminsa. Wanda ka surfa gero a ciki da safe, shi za ka daka dutse a ciki da hantsi, ka ɗauraye, ka daka fura da la'asar. Nawa turmin na Inna ne, mahaifiyata, na itacen ƙirya, shi ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. A lokacin an fara jin yara na mutuwa a ƙauyukan kusa, amma kowa na cewa iska ce ko zazzaɓi.

Sista ta rako wata ma'aikaciyar lafiya 'yar cocinsu. Ta shigo ta same ni da taɓarya a hannu, ɗana na zaune a gindin turmi yana wasa da ƙasa. Ba ta ko gama sallama ba ta sa yatsa cikin turmin, ta ɗago shi fari fat da ƙura, ta dubi ƙwaryar geron da ke gefe.

"A nan kike daka abincinsu?"

Na ce a nan ne.

"Akwai dalma a dutsen nan. Guba ce. Ita ke kashe yaran. Ki daina yau, ba gobe ba."

Ni fa na gama sakandare, ina ji da kaina, ga matan gida sun kewaye mu suna kallo. Na yi dariya na ce, "Sista, ke da ba ki taɓa goyo ba, mi kinka sani ga ɗiya? Turmin ga, Inna ta daka mani hura cikinai tun ina rarrahe, ga ni tsaye." Mata suka kwashe da shewa. Ta dube ni, ta goge yatsanta a gefen lulluɓi ta fita. Na ji daɗin kaina ranar nan, har na maimaita wa mijina da ya dawo, shi ma ya yi dariya.

Wata biyu bayan haka ɗana ya fara jijjiga da rana tsaka. Kafin a samo babur ya tafi a hannuna.

Ranar uku gidan cike yake. Maza na zaune a zaure da ƙofar gida, mijina a tsakiyarsu ana ba shi haƙuri. Mata na tsakar gida, kowacce ta shigo sai ta ce kwanansa ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Wannan maganar ita ke riƙe da ni, da ita nake iya haɗiye ruwa. Sai ga Sista. Ta ratsa mazan nan kaf, har da wanda ya ɗauko buhun a kansa ya shigo da shi gidan, ba ta ce musu uffan ba. Ta zo ta tsaya a kaina, a gaban uwar mijina da dangin mijina da maƙwabta, ta ce:

"Ba kwanansa ne ya ƙare ba. Turmin nan ne. Na gaya miki, kika yi dariya. Saura yarinyar."

Daga nan ta juya ta kwantar da turmin Inna, ta mirgina shi da hannu biyu ta cikin zaure, maza na janye ƙafafu, ta kai shi wani tsohon rami a bayan gari ta tura, ta sa aka rufe da ƙasa. Washegari ta dawo da ma'aikaciyar lafiyar suka ɗauki 'yata zuwa Anka aka gwada jininta.

Masu jawabi a makoki sun ba da wannan labarin, amma sun gyara shi. Sun ce ta ceci yarinya. Gaskiya ne, ta cece ta. Abin da ba su faɗa ba shi ne abin da ta bar mini. Daga ranar nan na zama matar da ta daka wa ɗanta guba. Uwar mijina ba ta taɓa faɗa da baki ba, amma ta daina cin furar da na dama. In faɗa ya haɗa ni da wata a bakin rijiya, ta san inda za ta taɓa. Mijina kuwa, da shi da sauran mazan da suka kawo dutsen, mutanen da Allah ya jarraba ne, ana tausaya musu. Sunan yaron ma aka daina kira a gidan, ni ma na daina. Na tsani Sista tsana mai tsanani, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu.

Magani ya tsayar da 'yata da rai, amma dalmar ta riga ta taɓa kanta. Muka dawo Anka da zama saboda asibiti. Da ta isa shiga makaranta aka sa ta a ta gwamnati, wata uku malamin ya ce mu riƙe abarmu a gida, abin da aka koya mata da safe kafin tashi ya zube. Yaran unguwa suka sa mata suna. Ana haka Sista ta aiko a kawo mata ita. Na ce a gaya mata ko ita kaɗai ta rage mai allo a duniya ba zan kawo ba. Ta sake aikowa. A karo na uku, ranar da na tarar yara sun kewaye yarinyar suna mata waƙa, na ja hannunta na kai ta, ina huci.

Na ce, "Ga ta. Amma ki sani, ɗiyata Musulma ta. In nij ji ta da waƙac coci, ni da ke na."

Ta ce, "Karatu nake koyarwa a nan. In azahar ta yi, ga buta can, ga tabarma." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ma kina da sakandare kina zaune. Gobe ki zo. Ina neman mai tsayawa a ƙofa."

Aikin da ta ba ni shi ne in tsaya da buta da sabulu, duk yaron da zai shiga in wanke masa hannu, in duba farce, in sa ya kakkaɓe takalmi, don da yawansu iyayensu na aikin dutse. Ku duba fa. A duk garin nan ba ta ga wadda za ta ɗora wa wanke ƙurar dalma daga hannun 'ya'yan mutane ba sai ni. Na ɗauke shi a matsayin horo, har gobe kuma ban tabbata ba horon ba ne. Na karɓa don in sa ido a kan 'yata. Daga baya ta ƙara mini da 'yan aji ɗaya, aka fara ce mini Malama, amma butar ba ta bar hannuna ba.

Shekara bakwai, kullum sa'a guda kafin ta buga wilin nan, Sista na zaune a barandar ofis da 'yata da tiren yashi. Yarinya ta zana harafi da yatsa, a shafe, ta sake. Harafi ɗaya ya ci wata guda. A yi hutu a dawo, ya gudu, a koma farko. Wata rana ina kallo daga ƙofa, yarinyar ta kasa harafin da ta iya jiya, zuciya ta ɗebe ni na zo na ɗaga hannu zan kai mata mari. Sista ta cafke wuyan hannuna, riƙon da ya bar mini shaida kwana biyu.

Na ce, "Sakan ni! Wahala kawai kike ba ta. Kanta ya mutu, ke kin sani, ni na sani."

Ta ce, "Ni ban sani ba. In kin gaji, koma ƙofa." Ta juya ga yarinyar. "Sake."

Akwai abu ɗaya da ban san inda zan ajiye shi ba. Kowace shekara, in makon da ɗana ya rasu ya zagayo, sai in zo da safe in tarar Sista ta riga ni ɗaukar buta. Ta ce, "Yau ki koma gida." Ba ta taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ban kuma taɓa gode mata ba. A gidanmu babu wanda ke tuna makon nan, har uban yaron.

Da ciwo ya ci ƙarfinta, manyanta suka ce ta koma gida. Ranar da za ta tafi ta sa mai babur ya tsaya a ƙofar gidana, karo na farko tun Duza. Ta rame har lulluɓin ya yi mata yawa. Ta tsaya a tsakar gida, ban ba ta kujera ba.

Ta ce, "Na zo neman gafara."

Na ce, "Ta mi?"

"Abin da na faɗa ranar nan gaskiya ne, ba zan janye ba. Amma na wuce maza a zaure na zo kanki. Na ji tsoronsu. Ke ce mai sauƙi, sai na sauke a kanki, a gaban mutane, ɗanki bai kwana huɗu a ƙasa ba. Wannan zunubina ne. Na daɗe ina kai shi gaban Allah, ban kawo shi gabanki ba."

Shekara da shekaru ina jiran ranar nan, amma ba wannan nake jira ba. So nake ta ce kwanansa ne ya ƙare. Ko a bakin tafiya ta ƙi ba ni ita. Na dube ta na ce, "Ki sauka lahiya." Ta ɗan tsaya. Mai babur ya danna oda a waje, ta juya ta fita a hankali tana dafa bango. Ko ruwa ban ba ta ba.

Wannan ce matar da Fada ke jiran in yafe wa.

Ranar da aka tashi makokin, da la'asar, muna tsakar gida, uwar mijina ta dawo da maganar. Mijina na gefe yana alwala.

"Kin ba mu kunya yau. Ke da ya kamata ki hi kowa yahe mata, tunda gaskiya taf hwaɗa miki."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Gaskiya ta, amma rabi ta. Ni nid daka. Wa yak kawo dutsin cikin gida? Wa yac ce in bar surhe in hwara da buhunai don inji na jira? Malam, da kai nike. Shekara nawa kana ji ana jihwa ta kana shiru?"

Uwar mijina ta fara salati. Mijina ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a ƙasa bai sani ba. Na zaci zai yi faɗa ko ya fice, don haka ya saba. Sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ni na. Ni nik kawo shi." Ya ajiye butar ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira magariba. Abin da Soja ta ji tsoron faɗa a zaure, ashe ni ma tsoronsa nake ji, ina kwana ina tashi da shi a gida ɗaya. Na fi ta daɗewa ina wuce mazan nan.

Ranar Litinin aka koma makaranta. 'Yata ta tashi da wuri yadda ta saba, na bi ta don ban san yadda zan hana ta ba. Ta ɗauko tiren yashi daga bayan ƙofar ofis ta zauna a baranda, a gefen kujerar da babu kowa.

Ta ce, "Inna, Sista ta ce in ba ta nan, ke ka duba mani."

Na tsuguna. Ta sa yatsa tana ja a hankali, harshe a waje. Na zaci sunanta za ta rubuta, don shi na san ta iya. Da ta kai harafi na uku na gane. Sunan ƙanenta ne, sunan da ba a kira ba a gidanmu tun Duza.

"Wa yak koya miki wanga?"

"Sista. Ta ce kullum in rubuta shi, kar a mance da shi."

Harafin ƙarshe ya juya baya. Na daɗe ina kallonsa, idona na cika yana zuba a kan yashin. Na sa tafin hannu na shafe wancan harafin kaɗai, na ji bakina ya ce, "Sake."

Malamanmu na addini sun ce akwai addu'ar da ba a yi wa wanda ya mutu a kan wani addini, ban kuwa yi ta ba. Allah ya san baiwarsa, ya san inda zai ajiye ta, ba ya bukatar shawarata. Wurin Fada ma ban koma ba, don ba shi ya tsaya a tsakar gidana yana dafa bango ba. Nawa nauyin kaɗai zan iya saukewa, kuma a nan zan sauke shi.

Sista, bakinki ba shi da daɗi, kin kuma mirgine mini turmin Inna. Na yafe miki. Kin makara da tambaya, ni kuma na makara da amsa, da kina nan na san abin da za ki ce. Ruwan da ban ba ki ba, shi ne har yanzu ban san wanda zan roƙa ya yafe mini ba.